Soron da Aka Rushe a Takarda

Ofishin da na fara aiki a Ƙanƙara soro ne na ƙasa, kuma mahaifina ne ya gina shi. A lokacin ban cika son a tuna mini da wannan ba, ko da yake kowa ya sani, don a gari irin namu ba ka isa ka ɓoye ubanka ba. Ni ne mai buga tafireta. Ofishin na harkar manoma ne: irin auduga, takin zamani, maganin feshi, da tulin takardun da ke bin waɗannan kaya a baya. Ranar kasuwa mutanen Pauwa kan cika mana ƙofa, wasu kuma tun daga Tafoki da Faskari da Sabuwa suke tahowa a kan keke, Musulmi da Maguzawa, kowa da ƙorafinsa a kan buhun da aka ce zai zo bai zo ba.

Soron ɗaki uku ne da zaure. Bangonsa daga ƙasa ya fi kamu biyu kauri, yana hawa yana sirancewa. Tagoginsa ƙanana ne, can sama kusa da rufi, na kudu da na arewa suna kallon juna, ta yamma kuwa ko 'yar kafa babu. Rufin azara ce aka jera aka ɗora wa ƙasa. Hanyar mota ta bi ta yammacin filin, kuma a bakinta akwai itatuwan bedi guda shida, wanda wasu ke ce wa darbejiya, nan manoma ke jingine kekuna su zauna jiran a kira su. A tsakiyar bazara, lokacin da kare ma ba ya yarda ya ƙetare titi da rana, in ka shigo zauren nan sai ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa. Akwai randa a lungu, ruwanta har haƙori yake kamawa. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, mun zaci haka kowane ofis yake.

Baba magini ne, ubansa ma magini ne. Yana da wata ɗabi'a da ya gada: ginin da ya fito daga hannunka naka ne har ranar da za a ɗauki gawarka, ko da mai gidan ya sayar ya bar gari. Duk shekara, da zarar hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ya ɗauki tsani ya bi sorayen da ya gina ɗaya bayan ɗaya. Ba ya hawa sai ya yi sallama ya nemi izini, don daga kan soro ana hango tsakar gidajen mutane, kuma maginin da ya hau babu izini ya gama zubar da mutuncinsa. In ya hau, takalmi yake cirewa ya taka rufin a hankali, tafin ƙafarsa ne ke gaya masa inda ƙasa ta yi laushi. Sai ya share indararo, ya cike tsaga, ya yi yaɓe da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa don ruwan sama ya zame bai tsaya ba. Aikin kwana biyu ne. Kafin boko ta janye ni na yi shekaru ina hawa tare da shi, don haka idona ya san tsagar da za ta iya jira da wadda ba za ta jira ba. Na yi iyakar ƙoƙarina in manta da wannan ilimin, bai mantu ba.

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasar. Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai yarda da irin haukan da ya kama mu ba. Aka yi mana ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo da agogo, masu ƙarfi suka hau babur. Ni na sayi takalmi mai tudun dunduniya da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ina tafiya ina share wa kasuwa ƙasa kyauta. Duk abin da aka yi da ƙasa ya koma abin ƙyama a wajenmu, mu da aka haifa a ɗakin ƙasa aka yi mana wanka da ruwan tulu. In mutum ya ce gidansa na bulo ne, sai ka ga ana gyara masa wurin zama.

Shugaban ofishinmu, wanda muke kira Yallaɓai, ya fi kowa kamuwa. Ya taɓa zuwa kwas na wata uku a ƙasar Turawa, kuma tun da ya dawo bai yafe wa Ƙanƙara ba. Kullum yana cikin kwat da wannan ƙyallen da ake shaƙe wuya da shi, ko da kuwa ƙadangaru na haki a inuwa. In baƙo ya zo daga hedikwata, kafin a gaisa Yallaɓai ya fara ba da haƙuri a kan ginin, kamar wanda aka kama da kayan sata. Shi ya yi ta rubutu har aka yarda za a gina mana sabon ofis a gefen soron.

Zanen ya zo daga hedikwata. Dogon gini ne na bulo da rufin kwano, fuskarsa guda gilashi ce tun daga gwiwar mutum har sama. Shugaban ma'aikatan ɗan kwangila ya ce a zanen, gilashin arewa yake kallo. Yallaɓai ya ce wa ke arewa da zai gani, gonar dawa? Hanya tana yamma, ta nan manyan mutane ke wucewa, don haka a juya ginin. Aka juya. Da bango ya tashi sai aka lura bedi sun tare shi, mai wucewa a mota ba ya ganin gilashin sosai. A yini guda aka sare su duka shida. Ina tsaye ina kallo, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya burge ni.

Baba ba ya haƙa harsashin gini sai ya yini a filin, tun hantsi har la'asar sakaliya, yana kallon inda rana ke bi da inda iska ke fitowa. Babu wanda ya gayyace shi, amma wata rana ya zo ya zauna a kan kututturen bedi ya yi wa sabon ginin irin wannan yinin. Da yamma na je gaishe shi, na same shi a kan buzu a ƙofar gida.

Ya ce, "Malam akawu, gurasa za ku riƙa gasawa a wurin aikin naku?" Malam akawu yake ce mini in zai tsokane ni, don ni ne ɗansa na fari, ba ya kama sunana.

Na ce, "Na'ura za a sa, Baba, mai hura sanyi."

"Ita na'urar mi take ci?"

"Wutar lantarki."

"Wutar tana ina?"

Lokacin ko sandar lantarki ɗaya ba a kafa a unguwarmu ba. Na ce za a kawo inji.

"Shi injin mi yake ci?"

"Mai."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Ku tara zahi da hannunku, ku kulle shi a ɗaki, sannan ku sayi mai ku kore shi. Boko ta yi rana."

Na yi dariya irin ta wanda ya san abin da tsoho bai sani ba. Har na ji tausayinsa ranar, abin da yanzu in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina.

Da kaka muka tare. An shimfiɗa kafet, an kafa na'urori huɗu waɗanda muke kira iyakwandishan da cika baki, janareta kuma yana wata 'yar rumfar kwano a baya. Gilashin ba ya buɗuwa, an liƙe shi don kada sanyi ya tsere. Makonnin farko mun ji daɗinmu. Muka sayi rigunan sanyi, kuma mura ta zama abin alfahari. Sai ka ga ma'aikaci a kasuwa yana fyace hanci da ƙarfi don a tambaye shi, ya ce ai sanyin ofis ne ya kama shi. Ni ma na yi, har da ƙarin tarin da ba ni da shi. Manoma kuwa aka hana su shiga, wai yawan buɗe ƙofa na ɓata sanyi. Aka huda musu wata 'yar taga a gefe, suka riƙa tsayawa a rana daidai inda inuwar bedi take a da.

A kwanakin nan ne Yallaɓai ya miƙo mini wata takarda in buga. Hedikwata ba ta yarda ofis ɗaya ya riƙe gini biyu ba, don haka aka rubuta cewa soron ya lalace, bai dace ɗan Adam ya zauna a ciki ba, an soke shi daga rajista, kuma an daina yaɓen shekara. Na buga kwafi uku babu kuskure ko ɗaya, har Yallaɓai ya yaba. Guda na Baba ne, kuma da yake ba ya karanta boko, ni na kai masa, ni na karanta, ni na fassara. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

Ya ce, "Shi soron an karanta mashi?"

Na ce, "Baba, umarnin gwamnati ne."

Ya ce, "Na ji. Ina tambaya ne ko ruwan sama ma an aika mashi da nashi kwahin."

Daga nan bazara ta shigo, janareta ya fara nuna halinsa. Yau mai ya ƙare, gobe wani ƙarfe ya karye sai an ɗauko makaniki daga Funtuwa, jibi makanikin ya zo ya ce kayan sai an aika Kaduna. Ƙasar da rediyo ke cewa mai ya yi mata yawa, mu a Ƙanƙara sai a yi sati biyu ba mu ga durom ɗaya ba. Ran da injin ya ga dama ya tashi, ba ya iya ɗaukar na'urori huɗu, sai a kashe uku a bar ta Yallaɓai. Kwanon ya yi ta zubo zafi daga sama tun hantsi. Da an yi azahar rana ta juyo yamma ta sami gilashin a buɗe, ta shigo ta zauna tare da mu har tashi. Ƙarfen tafireta ya yi zafin da sai na naɗe yatsa da hankici kafin in ja shi. Gumi na ɗiga a kan wasiƙa, tawada na baje wa, in sake bugawa. Kafet ya fara warin tsohon takalmi. Taga kuma ba ta buɗuwa, mu muka ce a liƙe ta.

Muka shiga neman dabara, kuma kowace dabararmu ta fi ta baya wauta. Aka sa labule masu kauri, ɗakin ya yi duhu, sai an kunna fitila da rana tsaka, fitilar kuma sai da inji. Aka manna tsofaffin jaridu a jikin gilashin. Aka shafa masa shuɗin fenti. Gilashin da aka juya gini aka sare itace don a gan shi, ga shi mun rufe shi da hannunmu. Tsohon masinjanmu, wani dattijo mutumin Pauwa, ya ce a kafa rumfar zana ta yamma, a dasa bedi a madadin waɗanda aka sare. Yallaɓai ya dube shi ya ce nan ofishin gwamnati ne, ba rumfar mai tsire ba. Abin da ya ga ya dace shi ne a rubuta wa hedikwata a nemi ƙarin na'ura biyu.

Masinjan ne ya fara komawa soro. Ya ce salla yake zuwa yi, sai ya yi azahar ya zauna jiran la'asar. Mai kula da sito ya bi shi, wai yana neman wani tsohon littafi. Ni na daure kwana uku don girman kai, ran na huɗu na ɗora tafireta a ka na ƙetare filin. Da na shiga zauren sanyin nan ya sauko mini a kafaɗa kamar yadda ya saba, babu ko tambayar ina na shiga. Randa tana nan a lungunta. Kafin sati ya zagayo Yallaɓai da kansa ya shigo, ya ce zai duba wasu tsofaffin fayiloli a ɗakin ciki. Duban fayilolin nan ya ɗauke shi bazara biyu, har da kujerarsa mai juyawa aka kawo masa.

Sai dai duk a ɓoye muke yi. Masinja ke zama a bakin zaure yana sauraron hanya. Da ya jiyo kukan motar hedikwata sai ya yi gyaran murya, mu kwashi takardu mu sheƙa a guje, wani ya ruga ya ja igiyar janareta da ɗan man da aka ajiye musamman don baƙi. Yallaɓai na gudu yana sa kwat. Baƙi su shigo su tarar da mu a zaune, gumi na tsiyaya, mu ce ai yanzu aka kunna. Su yaba gini, su sa hannu a littafin baƙi, su tafi. Motar ba ta gama ɓacewa ba mun sake ɗaukar kaya. Manya da gemu, masu iyali, muna wasan ɓuya da ginin da muka roƙa aka yi mana. Manoman da ke tsaye a rana suna kallonmu, kuma na san da abin da suke komawa gida.

Daminar farko soron ya sha ruwa babu yaɓe, ya tsaya. Amma da rani na ga abin da ruwan ya bari. Indararon gabas ya faɗi. A kusurwar ɗakin ciki, can sama, wata tsaga ta buɗe, ƙasar gefenta ta yi tabo baƙi-baƙi. Teburina a wannan kusurwar yake, don Yallaɓai na son mai buga takarda a kusa da shi. Kowace safiya sai na hure ɓurɓushin ƙasa daga kan tafireta. Har na ɗan ja teburin gefe, ban gaya wa kowa dalili ba.

Da hadarin shekara ta biyu ya fara leƙowa, Baba ya zo. Da hantsi ne. Ya ɗaure jakinsa a waje da kayan makuba, ya jingine tsani a bango, ya cire takalmi a ƙofar ginin da ya yi da hannunsa, ya yi sallama. Yallaɓai yana kishingiɗe a kujerarsa a ɗakin ciki, ya kwance ƙyallen wuya, yana shan ruwan randa. Sauran ma'aikata suka taru a bakin ƙofa don jin abin da ya kawo tsoho.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kwangila na zo nema ba. Kwana biyu nake so bisa soron nan. Ƙasa tawa, makuba tawa, hannu nawa. Izini kaɗai za ka ba ni."

Yallaɓai ya ce, "Wane soro, Baba?"

Baba ya nuna bangon da ke kewaye da su.

Yallaɓai ya ce, "A takarda babu gini a nan. An soke shi. Ta yaya zan sa hannu a gyara abin da babu shi?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi azarar da ke samansu, ya sauke. Ya ce, "To ranka ya daɗe, cikin mi muke zaune?"

Yallaɓai ya yi dariya, na bakin ƙofa ma suka taya shi. Gaskiyar maganar kowa ya san ta. Ana sa ran manyan baƙi a makonnin nan. In suka ga an cuɗa ƙasa a filin gwamnati, suka ga sabon yaɓe na ƙyalli a kan ginin da aka soke, za su tambayi wa ke amfani da shi. Amsar kuwa ita ce gilashin Yallaɓai bai zaunu ba. Ya gwammace rufi ya faɗo masa a ka da a ji wannan a hedikwata.

Baba ya nuna kusurwar da sandarsa. Ya ce, "Ruwan bara ya shiga ta can. Na bana zai iske hanya a buɗe. In marka ta zauna bisa rufin ga kwana ukku, ba ya tashi."

Sai Yallaɓai ya juyo da kujerarsa wajena, yana murmushi. Ya ce, "Malam, kai ma an ce ka taɓa ƙasa da can. Gaya mana, ginin nan zai kai baɗi ko ba zai kai ba?"

Na ji wani ya yi 'yar dariya a bakin ƙofa a kan wannan "taɓa ƙasa" ɗin. Tsagar tana saman kaina. Ɓurɓushinta yana cikin haruffan tafiretata. A duk ofishin, in ka cire Baba, ni kaɗai na san abin da take nufi. Babu wanda ya yi mini barazana, babu abin da zan rasa in na faɗi gaskiya, iyaka a kira ni ɗan magini a gaban mutane, wanda kuma shi ne ni. Na dubi takalmina mai tudun dunduniya, na dubi ƙafar Baba da ta tsattsage a kan daɓe.

Na ce, "Zai kai, ranka ya daɗe."

Yallaɓai ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Ka ji, Baba. Ɗanka ma ya faɗa."

Baba bai dube ni ba. Ya ce, "To, Allah shi kai mu." Ya fita, ya sa takalminsa, ya saɓi tsani, ya kora jakinsa. Makubar ya kai ta masallacin unguwa ya yi amfani da ita a can.

Masinja ya same ni daga baya ya ce in gaya wa Baba ya zo ran Lahadi, babu kowa, shi zai kau da kai. Ban ma kai saƙon ba, don na san amsar. Mutumin da bai taɓa hawa soron talaka babu izini ba, ba zai fara satar hawa da furfura ba. Kowace safiya ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi aiki, in ce lafiya. Maganar soro ba ta sake haɗa mu ba. Sau da yawa na shirya zan koma wa Yallaɓai in ce na sake dubawa, kullum sai in ce gobe.

Da damina ta kankama muka koma sabon ofis, don gari ya yi sanyi, ko da yake in ana ruwa kwanon ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Cikin marka aka yi ruwan nan mai naci, wanda ba ya ƙarfi ba ya tsayawa. Yini na farko ina leƙen soron ta inda jarida da fenti suka ɓare a jikin gilashi. Yini na biyu na ga ruwa na bin bangon gabas inda indararo ya kamata ya jefar da shi nesa. Yini na uku, bayan azahar, muka ji wani nauyayyen sauti, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashin kafet. Rufin ɗakin ciki ne ya fara zaunawa, ya ja bangon gabas, sauran suka bi a hankali. Babu kowa a ciki. Muka jeru a bakin gilashi muna leƙe ta inda jarida ta ɓare, kowa ya san inda ya yini bazara biyu.

Yallaɓai ne ya fara magana. Ya ce, "Kun gani? Da ma na rubuta cewa bai dace a zauna a ciki ba." Nan take ya zauna ya tsara rahoto zuwa hedikwata, yana bayyana yadda hangen nesan shugabancin ofis ya tsirar da rayukan ma'aikata daga ginin gargajiya. Ya ƙara da tunatarwa a kan na'urori biyun da aka nema. Ya miƙo mini. Na raina mutumin nan a ranar fiye da yadda na taɓa raina wani mahaluki, kuma na sa takarda a tafireta na fara bugawa.

Washegari gari ya waye da rana. Ina cikin bugu na hango Baba ta wurin leƙena a jikin gilashi, yana tsaye a kan tarin ƙasar. Na fita. Ya tattare rigarsa, yana bin azarar da ta fito waje yana ƙwanƙwasa ta da sanda, yana saurare. Randar ta fashe, rabinta na cike da laka. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Azara lahiya lau take. Ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Da ta ƙara shekara arba'in."

Ya ƙwanƙwasa wata, ya saurara. Sannan ya juyo ya dube ni, karon farko da ya dube ni sosai tun ranar nan.

Ya ce, "Abu guda nake so in sani. Ran da aka tambaye ka, ka ga tsagar ko ba ka gan ta ba?"

Na so in ce ban gani ba. Bakina ya ƙi.

Na ce, "Na gan ta, Baba."

"Ka san ba ta kai baɗi?"

"Na sani."

Ya sauke numfashi, kuma wallahi abin da na gani a fuskarsa sauƙi ne, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Wata biyu ke nan ina zaton ban koya maka komi ba."

Ya sauko daga kan ƙasar a hankali, ya bi hanyar gida. Ni kuma na koma ciki, don ban gama buga rahoton ba.